Ruwan Kyauta a Fadamar Unguwar Jumare

Tun da Ilisha ya dawo daga Indiya mutanen Unguwar Jumare suka bar kiransa da sunansa, sai Ba'indiye. Ƙauyen yana gefen Taba ne a ƙasar Kudan, kuma duk wanda ya san wajen ya san rake ne uwa, rake ne uba. Da shi ake aure, da shi ake suna, da shi ake sauya rufin ɗaki. Saboda raken ne ma ƙungiyar manoma ta zaɓi Ilisha ɗan marigayi Abednego, da yake ya gama sakandare, aka tura shi wani birni da ake kira Kanpur ya koyo yadda ake dafa mazarƙwaila mai tsabta. Ya yi 'yan watanni ya dawo.

Samari sun zaci zai zo musu da labarin rawa da waƙa a kan tsauni, irin wanda suke gani a waya. Ina! Mutumin nan ya dawo ba shi da zance sai na ruwa.

In aka zauna gindin mangwaro da la'asar aka tsokane shi, sai ya gyara zama. Ya ce garin a shimfiɗe yake kamar tabarma, ba dutse ba tudu, a bakin wani makeken kogi da suke kira Ganga, wanda in kana wannan gaɓa da rani sai ka hango rairayi fari fat kafin ka hango wancan. Zafinsu ya fi namu mugunta, in ji shi, iska ce mai zafi take kaɗawa kamar an buɗe bakin tanda, sanyinsu kuma hazo ne da ba ka ganin gabanka. Ya ce da can ba wani gari ba ne na a zo a gani, sai da Turawan Ingila suka kafa barikin soja. Soja kuwa yana son takalmi, dokinsa yana son sirdi da linzami, shi ke nan sai majema suka taru. Aka kawo jirgin ƙasa, aka kafa masaƙu na auduga, hayaƙi ya tashi, mutane suka kwararo daga ƙauyuka. Yanzu yawancin masaƙun sun mutu, ya ga dogayen bututun hayaƙinsu tsaye ba sa fitar da komai, ciyawa ta cinye harabar. Abin da ya rage da rai shi ne jima. Unguwa guda ce sukutum a bakin kogin, masana'antun jima ɗaruruwa, fatar ɓauna ake shigarwa da amalanke, takalmi da jaka suna fita har ƙasashen Turai.

Har nan mutane kan saurara da daɗi. Daga nan ne labarin yake juyawa, wasu su fara kallon agogon waya.

Wani abokin karatunsa ya taɓa kai shi ƙauyensu da ke gangaren unguwar majeman. An haƙa musu magudana tun da daɗewa, ruwan da ya fito daga gari da na masana'antu yana zuwa musu gona, ba sa jiran sama. Dattawan wajen sun gaya masa cewa da farko murna suka yi, don amfanin gona ya yi kyau, har furanni suke nomawa na sayarwa. Amma shi abin da idonsa ya gani daban ne. Ƙasa ta yi ɓawo, alkama ta tsaya gajeriya, manoma ƙafafunsu duk ƙuraje da tabo, ɓauna sun rame. Aka buga masa famfon tuƙa-tuƙa, ruwan ya fito da launin da ruwa ba ya zuwa da shi. Ya tambaya me ya sa ba su daina ba. Abokin ya ce ko sun daina yau, abin ya riga ya sauka ƙarƙashin ƙasa, kuma ba mai shiga ya fito da shi.

"Allah ya kyauta," haka ake cewa, a tashi a tafi alwala. Indiya dai da nisa.

To sai ga shi Indiyar ta biyo shi gida. Wasu masu kuɗi da ba a taɓa ganin fuskarsu ba suka sayi fili a kan tudu bakin titi, gabas da ƙauyen, suka zagaye da katanga mai tsawo. Aka ce masana'antar jima ce. Suka haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi, manyan motoci suka fara shigo da ƙiraga, wari ya fara saukowa in iska ta juyo. Samari da yawa sun samu aiki, saboda haka ba wanda ya ce uffan a kan warin. A bayan katangar kuma aka yi wani babban kududdufi inda ruwan aikin yake taruwa, kullum yana ƙara cika.

A shekarar nan, bazara ta zo da fushi. Damina ta ɗauke da wuri, ƙoramar da ke ƙasan fadama ta ƙafe tun kafin lokacinta, ramukan da ake sa injin ban ruwa sai laka ake zuƙowa daga cikinsu. Sabon rake da aka dasa ya fara naɗe ganye. Manomi ya fita da safe ya tsaya bakin gonarsa ya yi tagumi, ya koma gida ya yi wa matarsa faɗa a kan gishirin miya.

Ana cikin haka sai ga Uwaisu, wani ɗan Makarfi da ke yi wa masu masana'antar hulɗa da jama'a. Mutum ne mai fara'a, bakinsa kamar an shafa zuma. Ya sauka daga babur, ya durƙusa ya gaida Baba Ɗan'azumi, dattijon da ke raba ruwan fadama tun Ilisha bai san kansa ba. Bayan an tambayi gida da iyali da zafi, ya ce masu gidansa sun ga halin da maƙwabta suke ciki, ga ruwa kwance yana neman tumbatsa, ba za su karɓi ko sisi ba. A ja magudana kawai daga kududdufin zuwa kan fadama.

Matsalar ɗaya ce. Kan fadamar gonar Ilisha ce. Ruwan ba shi da hanyar da zai bi ya kai ga sauran gonaki sai ta cikinta. A gindin gonar kuwa, inda ƙasa ta fi rairayi, nan rijiyar Abednego take. Uban ne ya haƙa ta da hannunsa, ba ta da zurfi sosai amma ba ta taɓa ƙafewa ba, kuma daga ita duk ƙauyen yake sha, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci. Matar Ilisha, Judith, tana da tsohon ciki a lokacin. Ruwan da za a fara yi wa jaririnta wanka daga nan zai fito.

Aka taru gindin mangwaro. Ilisha ya bari manya suka gama, sannan ya ce, "Baba, ku yi mini haƙuri. Ruwan nan ba zai bi ta gonata ba."

Baba Ɗan'azumi ya dube shi ba da fushi ba, irin kallon da ake yi wa ɗan da zazzaɓi ya sa shi sambatu.

"Ilisha, kai yaro ne, ba ka tarar da majemarmu ba. Can bayan kuka take, inda gonar Ja'afar take yanzu. Ruwan jima da ake zubarwa, da dusar bagaruwa, da toka, da kashin kaji, da gashin da aka kankare, ka san abin da muke yi a kansu? Rububi! Ubanka da kansa da jaki yake zuwa kwasa. Je ka dubi gonar Ja'afar yau, majema sun tashi tun ba a haife ka ba, amma har gobe dawarsa ta fi ta kowa. Ruwan jima taki ne. Wannan ba ji na yi ba, da hannuna na zuba."

"Gaskiya ne, Baba. Amma waɗannan ba da bagaruwa suke jima ba. Wani gishiri ne, kurom suke kiransa. Na leƙa na ga fatunsu a shanye, shuɗi-shuɗi suke fitowa, sak irin na can. Wanda na gani da idona..."

"A Indiya," wani ya ƙarasa masa daga baya, aka yi 'yar dariya.

Uwaisu ya yi murmushi ya ce ruwan ana barinsa ya kwanta kafin a sake shi, ba abin damuwa. Ilisha ya tambaye shi ko zai yi alwala da shi. Uwaisu ya ce ai ko ruwan taki ba a alwala da shi, aka sake dariya. Ilisha ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa, mutanen nan wurin zubarwa suke nema. Nan fa ran wasu ya ɓaci. Ja'afar ya miƙe ya ce wato mutum ya kawo maka alheri ka ce shara ya kawo? Rakensa yana mutuwa, 'ya'yansa mata biyu suna jiran kayan ɗaki, shi kuma an tsaya ana ba shi tarihin garin da ko a mafarki ba zai je ba.

Baba Ɗan'azumi ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Ba a hana maƙwabci ruwa, Ilisha. Na kan fadama amana aka ba shi, ba sarauta ba. Amma gona taka ce. Ka je ka kwana da maganar."

Ya kwana da ita, ya tashi da ita, bai sauya ba. Kwanaki suka shuɗe. Gaisuwa ta fara gajarta. Wanda da zai tsaya ya tambayi Judith da jiki, yanzu sai ya ɗaga hannu daga nesa. A shagon caji ana ganinsa zance yake mutuwa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don shi ba baƙo ba ne, a bayan matan nan aka goya shi. Kuma nasa raken ya fi na kowa shan wuya, da yake shi ne a sama, ganyen ya koma kalar ƙasa. Kullum da safe in ya hau kan gona yana hango bakin kududdufin a bayan katanga, da kumfa a gefensa, ko tsuntsu ba ya sauka. Ba wata tazara ce tsakaninsa da gonar ba, 'yan fartanya kaɗan sun isa.

Judith ba ta musa masa ba, amma tsoronta daban. Tana tankaɗe ta ce, "Baban gida, in raken mutane ya mutu, ba za a ce rana ce ta kashe ba. Kai za a ce."

"Su ce. Gara su zage ni da bakinsu lafiya lau."

"Inna Hajo ce za ta karɓi haihuwar nan, ka sani."

Ya sani. Inna Hajo matar Baba Ɗan'azumi ce, ita ce ungozomar ƙauyen, ita ta yanke masa cibi.

Sai Ista ta zo. Ranar Lahadin a cocin Taba ake haɗuwa, mutanen ƙauyuka duka, a yi sujada, a ci abinci tare, ba a watsewa sai rana ta yi sanyi. Ilisha ya yi ta jan ƙafa da safen, Judith ta ce ko shekarar da mahaifinsa ya rasu bai fasa zuwa ba. Ya ɗauke ta a babur a hankali suka tafi. Akwai wata al'ada tsakanin gidansu da na Baba Ɗan'azumi tun zamanin Abednego, wadda ba a taɓa zama aka ƙulla ta da baki ba. Ranar Juma'a, in Musulmi sun tafi masallaci, Abednego ne ke duba musu gona, ya kore shanu, ya juya ruwa. Ranar Lahadi kuma gonarsa tana hannun Ɗan'azumi, abin da ya ga ya dace ya yi, ba ya tambaya. Ilisha ya gaji wannan kamar yadda ya gaji gonar. Shi ya sa ma ya iya tafiya. A ransa gonar tana hannun da ya fi kowane aminci.

A coci ya kasa bin waƙa. Ana tafi ana guɗa, shi hankalinsa ba ya wajen. Ko shinkafar bai ci da yawa ba.

Da suka dawo, tun kafin su sauka daga titi warin ya tare su. Ba irin na kullum ba ne da iska ke kawowa ta wuce, wannan zaune yake. Ya ajiye Judith a ƙofar gida ya nufi fadama da kayan cocinsa.

Gayya aka yi. Kusan duk mazan ƙauyen suna nan, wanduna a naɗe, jiki duk taɓo, har da mai ganga. Magudanar ta miƙe sambal daga katanga, aiki mai kyau, an daddale gefenta. Ba su wuce da ruwan kai tsaye zuwa gonakinsu ba. Sai da suka bi kunyoyin Ilisha ɗaya bayan ɗaya suka cika masa su taf, suka cire masa ciyawa, suka tayar masa da raken da ya kwanta, sannan suka buɗe wa na ƙasa. Ruwan yana kwance a ko'ina, baƙi-baƙi da wani shuɗi a samansa. A gindin gonar ya taru ya yi tafki, ya zagaye dakalin rijiya, rairayin wajen yana shanye shi ana gani.

Baba Ɗan'azumi ya fito daga cikin raken, ruwan har ƙaurinsa, fuskarsa cike da annuri.

"Barka da Ista, ɗan Abednego. Na dubi rakenka da safe na ce wallahi ba zan iya haɗa ido da ubanka a lahira ba in na bari ya mutu a ranata. Na san kai ka riga ka furta, kunya ba za ta bari ka janye ba. To mun ɗauke maka. Kai muka fara ba."

Mutane suka tsaya suna jira. An yi maka gayya, abin da ake cewa sananne ne. Ilisha ya buɗe baki. Da mugunta suka yi da ya san abin faɗa, da ya yi ihu, da ya kai ƙara. Amma ga tsoho ya wuni a rana saboda shi, ƙafafunsa sun yi fari-fari da jiƙa. Hawaye suka zubo masa, wasu suka ɗauka na godiya ne, har Ja'afar ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce komai ya wuce.

"Baba," in ji Ilisha, "ku fito daga ciki. Don Allah ku je ku wanke ƙafa da sabulu."

"Za a wanke," in ji tsohon, yana dariya. "Ga rijiya nan kusa."

Washegari tun da sassafe Ilisha ya dawo da sarƙa da kwaɗo. Rijiyar tana da murfin ƙarfe da aka yi mata saboda awaki, ba a taɓa rufe shi duka ba, har ya yi tsatsa a maƙale. Ya leƙa. Ruwan yana nan garau kamar kullum, har ya ga fuskarsa. Wannan ne ya fi tsorata shi, don ba abin da zai nuna wa kowa. Ba shi da masaniyar ko yau ne, ko bayan damina, ko sai jaririn ya fara tafiya. Ya ja murfin da ƙarfi ya rufe, ya zura sarƙa, ya danna kwaɗon.

Mata suka fara isowa da bokitai da jarkoki. Ta farko ta tsaya, ta biyu ta tsaya a bayanta, kafin wani lokaci sun yi cincirindo. Ba wadda ta taɓa ganin rijiya da kwaɗo a ƙasar nan. Ilisha ya gaishe su ɗaya ɗaya, ya ce su yi haƙuri, ruwan nan ba shi da tabbas yanzu. Akwai burtsatse a firamaren Taba. Shi zai riƙa ɗauko jarkoki a babur, iya ƙarfinsa, safe da yamma.

Inna Hajo ta keto tsakiyarsu, ta ajiye bokitinta a kan dakali. Ta dubi kwaɗon ta daɗe, sannan ta dube shi.

"Babur ɗaya zai shayar da gari, Ilisha? Da dabbobi? Da wanki?"

"Inna, in kun sha wannan..."

"Na sha shi ina amarya. Na yi maka wankan farko da shi. Ubanka da ya haƙa, ko guga bai taɓa hana wani ba." Muryarta ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi zafi. "Jiya maza suka wuni a gonarka. Yau ka wayi gari ka saka musu."

"Ba sakayya ba ce, Inna. Wallahi tsoro nake ji."

"To ka riƙe tsoronka, ka riƙe rijiyarka. Allah bai hana mu wani ba." Ta ɗauki bokitin ta juya ga matan. "Ku zo mu je ƙorama. Tun jiya da aka saki ruwa rairayin ya jiƙe, yara sun ce in ka tona kaɗan yana tsattsafowa."

Ilisha ya zabura. Ƙoramar tana ƙasan fadama, duk abin da ya ratsa gonaki can yake gangarawa, ba ma sai ya jira ya sauka ƙarƙashin ƙasa ba.

"Inna! Wannan ai shi ne ruwan kansa! Ku dawo, zan buɗe!"

Ya durƙusa yana lalubar makulli, ya buɗe kwaɗon, ya ja sarƙar, ya ture murfin. Ba wadda ta waiwayo. Wanda aka kulle wa rijiya sau ɗaya ba ya dawowa don an buɗe. Suka bi ta gefen sabuwar magudanar a jere, bokitai a ka, masu goyo da goyonsu, har raken ya rufe ta ƙarshe.

Da ya ɗago sai ya ga Judith tsaye a bakin gona, hannu ɗaya a ƙugu saboda nauyin cikin, ɗayan riƙe da guga. Ta dubi rijiyar a buɗe, ta dubi hanyar da matan suka bi.

"Baban gida, randa ba ko ɗigo," ta ce. "Wanne zan ɗiba?"